Baba Jibirilu, Wa Zai Tare Mana Su?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Baba Jibirilu, mai wankan gawar unguwarmu ta Maamobi.

Baba, tun da na ji labari nake kuka. Ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba: rabin kukana naka ne, rabi na ɗana Izzuddeen.

Shekarar da aka rushe rumfunan bakin kwata, samari suka fita suna ƙona taya, suna jifa. 'Yan waje suka ce ɓarayi ne. Mu mun san ko su wa ne: masu gyaran waya, 'yan okada, da waɗanda suka gama sakandare suka rasa abin yi sai zaman shan shayin ataya. Wani rumfar uwarsa aka rushe. Wani tsoro kawai yake kada abokai su kira shi mace. Masu zuga su kuwa, nasu 'ya'yan suna bayan ƙofar ƙarfe. Ku iyayen da kuka yi shiru, Allah zai tambaye ku!

A ɗaya daga ranakun nan harsashi ya sami Musah, abokin Izzuddeen, ya rasu. Washegari ɗana ya cika aljihu da duwatsu zai koma titi. Na roƙa, na yi faɗa, bai ko dube ni ba. Kai ka kama hannunsa a bakin lungu, ka ce, "Jikana, ƙarfina ya ƙare. Zo ka zuba mini ruwa." Ka shigar da shi ɗakin wankan gawa, ka ba shi butarka, ya zuba a kan Musah har aka gama. Ya dawo gida bai ci abinci ba, bai kuma koma titi ba.

Yanzu an sake shafa jan fenti a rumfuna, alamar za a rushe su. Samari suna ƙus-ƙus, wai za su fita ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Izzuddeen ne ya zuba ruwan wankanka, matarka Hajiya Alima kuma ta ba shi butar. Butar tana nan a ɗakinsa. Ban san me zai ɗauka ranar Juma'a ba, ita ko dutse, kuma babu kai a bakin lungu.

Allah ya jiƙanka, ya wanke ka kamar yadda ka wanke namu, ya haskaka kabarinka. Hajiya Alima da 'ya'ya, Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah, kada ka sa butar nan ta zuba a kan ɗana. Amin.