Karnukan Baba Isyaku Ba Sa Jin Larabci

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a wani shagon littattafai a unguwar Darrasa, nan Masar, Ummulkhairi ta kira ni. Ita ce 'yar Baba Isyaku ta fari. Ta ce, "Malam Sani, Baba ya cika." Na yi salati, na yi mata gaisuwa. Kafin in ajiye wayar sai na ji bakina ya ce, "To wa ya ba su abinci yau?" Kunya ta rufe ni. Mutum ya rasu, ni kuma ina tambayar karnuka.

Da yawanku kun san shi a sahun gaba a masallacin Faisal, dattijo Bahaushen Sudan, farin gemu, magana a hankali. Kaɗan ne suka san inda yake nufa bayan asuba. Wani kango ne a ƙarshen Giza, inda ya tara karnukan titi, waɗanda mota ta karya da waɗanda ƙazuwa ta cinye. Malamin dabbobi ne tun a Sudan, kuma da yaƙi ya koro shi bai bar aikin a baya ba.

Shekara uku ina zuwa wurin, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da nake digiri na uku a fiƙihu, a ce a gida an ji ina wanke kwanon kare? Wallahi tsoron bakin mutane nake. Da gardama ma na fara zuwa, ina jero masa maganar malamai a kan yawun kare. Ya bari na gama, ya miƙo mini bokiti. "Malam, duk na yarda. Ga sabulu, ga ƙasa, ga wata riga can a rataye ta salla. Amma wancan tun jiya bai sha ruwa ba."

Aikin ba shi da hutu. Baba ya bi masu kaji ya karɓo ƙafafu da wuya, ya haɗa da busasshen burodi a tukunya. Ya zauna cire kaska ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja. Ruwan famfo ya ɗauke, ya yi jigilar jarka. Yau an ajiye kwali da 'yan kwikwiyo a bakin ƙofa, gobe maƙwabci ya zo yana ta faɗa saboda haushi. Baba ya dafa ƙirji ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya kuma cewa ma'alish, har mutumin ya gaji ya tafi. Sai ya juyo gare ni: "Gaskiyarsa ce. Shi barci yake nema, su ma ba su san ya yi aikin dare ba."

Sau ɗaya na ga ya yi kuka. An jefo nama mai guba ta katanga, karnuka biyar suka mutu. Daga ranar ya koya musu kada su taɓa abinci, ko yana gaban hancinsu, sai sun ji an ce, "To, a ci lafiya." Wata biyu ya yi a kan wannan. Ya ce da ni, "Mai jefo guba Larabci yake ji. Bari mu rufe ƙofar da harshen uwarmu."

Dabarar ta yi aiki. Shi ya sa na kasa zama a wurin makoki. Ina karɓar gaisuwa, zuciyata tana Giza. In tashi, in koma in zauna. Sai dai ban je ba. Yaya zan ce wa dattawa zan bar zaman makoki in tafi wurin karnuka? Na yi shiru kwana uku, kuma wannan shirun yana cina har yanzu.

A rana ta huɗu Dakta Nuha, likitar dabbobi 'yar Masar da take taimaka masa, ta kira ni. Ƙananan karnukan, yunwa ta sa sun ci. Tsofaffi huɗu kuwa suna zaune gaban kwano cike, suna kallon ƙofa. Ta gwada kalmomin yadda ta riƙe su, amma harshenta bai hau ya sauka inda namu yake yi ba, ko kunne ba su ɗaga ba. Na shiga mikrobas, ƙaramar motar haya, na iso na tsaya inda Baba yake tsayawa, na faɗa. Uku suka faɗa wa kwano. Ta huɗun, tsohuwar karya makauniya da yake kira Gwaggo, ta ɗago kai ta saurara, ta mayar da shi ƙasa. Da la'asar muka binne ta. Da na je ranar Laraba, ƙila da tana nan.

Jama'a, saura kwana ashirin in koma Najeriya, khalas, karatu ya ƙare. Dakta tana ƙoƙarin sauya musu kalma, ta ce sai an ɗauki watanni. Kafin nan ana buƙatar bakin Bahaushe sau biyu a rana. Ba sai ka taɓa su ba. Ka tsaya daga ƙofa ka faɗa. Na ɓoye shekara uku, yau na daina, ina roƙonku.

Allah Ya jiƙan Baba Isyaku, Ya yafe kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Inna Halima da Ummulkhairi da ƙannenta haƙuri, Ya zama gatansu a ƙasar da ba tasu ba. Ni ma Allah Ya yafe mini kwana ukun nan. Shi kuma da ya yi shekaru yana tsaye da bokiti har sai kowa ya ƙoshi, Ya Allah Ka zaunar da shi a Aljanna, a ajiye masa nasa, ya ji an ce masa: to, a ci lafiya.