Sunan Ƙarya da Na Ba Hajiya Mariya

Ina cikin trotro, motar haya, a hanyar unguwar Madina wani maƙwabcina ya leƙo ta taga ya ce Hajiya Mariya, tsohuwar nas, ta rasu. Na yi salati, na sauka ban kai inda za ni ba.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Nima ya san teburin da take kafawa a ƙofar masallaci kowace Juma'a, tana auna hawan jini kyauta, tana rubuta sunayen mutane a wani littafi. Amma ba mu yarda da ita ba. Muna samari aka kori baƙi daga ƙasar nan, mun ga iyayen wasunmu a bayan motoci. Tun daga lokacin, duk mai tambayar sunanka da gidanku yana rubutawa, ba ma yi masa kallon alheri. Ni mutum ne mai rubuta abin da ya faru kowace rana, kuma na duba littafina: na rubuta cewa gwamnati ce ta turo ta. Ban tsaya nan ba, na faɗa a majalisa.

Da ciwon kai ya matsa mini na je, na ce sunana Sule, daga unguwar Maamobi. Ƙarya ne. Ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta ce jinina ya hau, in dawo. Ban koma ba. Mako uku tana bin lungunan Maamobi da ƙafa, har ta gan ni a shagon tela.

"Sule, kai ne nan? Mutanen Maamobi sun ce ba su haife ka ba."

"Hajiya, wa kike kai wa littafin?"

"Ɗana, riƙe sunanka. Hannunka nake so. Wannan ciwo ba ya sallama kafin ya shigo."

Ita ta raka ni asibiti, har yau ina shan magani. Bayan haka ta daina rubuta suna, sai ta ba kowa katinsa ya ajiye da kansa. Duk da haka wasu ba su je ba. Malam Isa, abokin zamana a majalisa, ya ce ai ni na gargaɗe shi. Shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Ko da ya je, da zai tsira? Ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Jiya a wajen zaman makoki na ji wani dattijo yana raɗa, "To, ina tsohon littafin ya shiga?" Ni na fara wannan magana, kuma ban taɓa samun wata hujja ba. Ban nemi gafararta tana raye ba, don haka nake neman ta 'ya'yanta a gaban jama'a.

Allah Ya jiƙan Hajiya Mariya, Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyalinta haƙuri. Ya ba Malam Isa lafiya, ni kuma Ya yafe mini abin da bakina ya jawo.