Dashen Furannin Malam Idrisu

Mun tashi daga Largo, wani gari kusa da Washington, bayan sallar asuba, ni da Baffa Lawal, ƙanen mahaifina, wanda nake zaune a gidansa tun da na kammala digiri. Garin Manassas na jihar Virginia muka nufa, domin mu ɗauko ƙanwarsa, Gwaggo Rabi, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta, Malam Idrisu, ya rasu a watan Fabrairu, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Gidan na haya ne, ranar ce kuma wa'adinsa ke cika. An riga an kwashe kayan ɗaki. Abin da ya rage shi ne ita kanta, da furannin bayan gida, waɗanda ta ce ba za ta tafi ta bar su ba.

Mutanen nan suna kiran furen konfilawa. Ƙarami ne, shuɗinsa kamar na bula. Malam Idrisu ya samu irinsa a wurin wani abokin aikinsa shekaru da dama da suka wuce, yana kuma shuka shi kowane Oktoba, lokacin da a gida ake girbi. Baffa ya sha yi masa tsiya cewa yana wahala a kan abin da ba ya shiga tukunya. Na bana su ne shukarsa ta ƙarshe. Gwaggo ta yi takabarta tana kallon su ta tagar kicin, tun suna ƙasa har suka yi fure.

Babbar hanyar da ta kewaye Washington fayau take a wannan lokaci. Muka haye gadar kogin Potomac, hazo kwance a kan ruwa. Da shigarmu Virginia Baffa ya tsaya ya cika tanki, saboda ya yi imani mai ya fi araha a wannan tsallaken, ko da kuwa bambancin bai kai kuɗin shayi ba.

Mun tarar da Gwaggo zaune a kan darduma a falon da ba kowane kaya, maƙwabtanta biyu, ɗaya 'yar Nijar ɗaya 'yar Ghana, sun zo yi mata sallama. Muka gaisa, muka bar su, muka zagaya baya. Furannin sun kai gwiwa. Wasu na da shuɗinsu, amma da yawa kawunansu sun bushe sun koma ruwan ƙasa.

Baffa a gona ya tashi, can Dambatta, kuma ya san dashe. Ya ce yadda ake yi wa dauro da albasa haka za mu yi: a jiƙa ƙasa, a ciro tushe, a datse kai domin ƙarfin shuka ya koma saiwa. Yana cirowa, ina datsewa da almakashi. Muka naɗe saiwoyin a jiƙaƙƙiyar jarida, muka jera su a bayan mota, muka lulluɓe da tsohon zane. Kawunan da muka datse muka tara su a gindin shinge. Muna miƙa makulli masu yankan ciyawar da mai gidan hayar ya kira suna sauke injinsu.

Komawa ba ta yi sauƙin zuwa ba. Rana ta take, zafin ƙarshen Yuni mai ɗanko, ga cunkoso tun kafin mu kai hanyar kewaye. Muka ratse Annandale, garin da rabin allunan shagunansa da rubutun Koriya suke, muka samu wani ɗan wurin cin abinci na mutanen Afghanistan mai naman halal. Shinkafa da tsire suka kawo, wajen dala goma kowane faranti. Baffa ya ce tsiren da ba ƙuli bai cika tsire ba, amma ya cinye nasa.

Gwaggo ba ta ci sosai ba. Can ta ce, "Da yana nan, yanzu ne yake bi yana tsinke busassun. Sai ya murje su a faranti, ya hure ƙaiƙayin, ya adana. Yaya, kun dai kula da su wajen ɗauka ko?"

Baffa ya ajiye cokali. "Waɗanne busassu, Rabi?"

"Kawunan mana. Ai a ciki irin yake."

Sai Baffa ya ce mun datse su, amma tushen zai sake toho ya yi wasu. Ta dube shi, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tushe ɗaya ya ga shekara biyu ba. Na fita na kira mai gidan hayar a waya. Cikin ladabi ya shaida mini cewa ma'aikatan sun gama, sun kwashe komai a motarsu, ya kuma yi mana fatan alheri.

Mun iso Largo bayan la'asar. Da rana ta yi sanyi muka dasa su a ɗan filin bayan gida, Gwaggo da kanta take ba su ruwa safe da yamma. Suka yi laushi, suka yi rawaya, suka kwanta. Da na bincika sai na ga furen shekara guda ne, mai doguwar saiwa ɗaya wadda ba ta jure a taɓa ta. Abin da ya kamata mu ɗauko bai fi cikin tafin hannu ba, shi ne kuma muka bari a gindin shinge.

Baffa ya sayo sabon iri a kanti, ya ce iri ɗaya ne. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce, "Allah ya saka, Yaya. Ba dai nasa ba ne."

Tafiyar ta koya mini cewa sanin noma na ƙasa ɗaya ba ya wadatar da mutum a wata, kuma wanda ya zauna da abu shi ya kamata a tambaya kafin a sa masa hannu.

Tushe talatin da takwas muka ɗauko. Talatin da takwas suka bushe. Irin Malam Idrisu ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba.