Raƙuma Huɗu a Cikin Laya

Duk zuwansa biro, wato ofishin baitulmali, tuɓe takalma yake yi a bakin ƙofa, alhali kowa da nasa yake shiga. Dogon tsoho ne, rigarsa ta sha wanki. Ina kan benci ina jiran fanshona.

Yau ya kai taga, ya ajiye wata laya da ta yi baƙi.

"Mene ne wannan, Baba?" in ji ma'aikaciyar.

"Takardar kumandan ce, Baturen mulki. Lokacin yaƙin Nasara ya karɓi raƙuman mahaifina huɗu a Tirmini, ya ce in kuɗi sun dawo baitulmali za a biya. Baduku ya ɗinke mana ita saboda gara."

"Yaƙin ya daɗe da ƙarewa."

"Haka na ji, 'yata."

"To buɗe mu gani."

Ya zauna kusa da ni da reza. Ina jin bai taɓa ganin takardar ba, kuma ita ce duk gadonsa. Ya yanke zare biyu, ya girgiza layar kusa da kunne. Wani abu na motsi ciki kamar gari. Ya mayar da rezar aljihu, ya tambaye ni ko ana buɗe biron ran Litinin.