Albashin Mai Kamun Kifi

Orval Tibbs ya tsufa yana tallar gyaɗa a filin besbol na garinsu, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. Ba shi da yawan magana, sai dai son bin diddigin abu har ya ga gindinsa. Da matarsa ta rasu, gidan ya yi masa faɗi, sai ya ba da hayar ɗakin sama ga Eusebio, ɗan ƙasar Dominika mai cafe ƙwallo a ƙungiyar garin, wanda albashinsa ne na can ƙasa. Tun daga nan Orval ya daina cin abinci shi kaɗai.

Da hunturu ya shigo, aka ji a rediyo mai ƙungiyar ya rantse ba zai biya harajin almubazzaranci ba, wato tarar da ake cin duk ƙungiyar da jimillar albashin 'yan wasanta ta haye layin da aka shata. In sun haye, dole a sallami wani. Orval kuwa a zatonsa da ƙarami za a fara.

Ya tafi shagon Lucius mai aski, ya zube gyaɗa a kan tebur, kowace ƙwaya dala miliyan ɗaya. Ya kasa wa kowane ɗan wasa rabonsa, ya ware na asibitinsu, ya ƙirga.

"Saura bakwai mu taɓa layi," in ji shi. "Yarona na nan."

Lucius bai ko ajiye almakashi ba. "Kai tsoho, ina Dunleavy?"

"Wanda aka kora bara? Ai yana Florida yana kamun kifi."

"Daga fili aka kore shi, ba daga albashi ba. Kwantiraginsa da saura. Zubo masa goma sha takwas, ka daina yi mana rowar gyaɗa."

Orval ya zuba. Sun haye da goma sha ɗaya. Ya ƙura wa tulin ido.

"Ikon Allah," ya ce. "Mutum na zaune cikin kwalekwale, nauyinsa na kan wuyanmu."

Ya sa yatsa ya janye ƙwayar Eusebio guda ɗaya tilo, don ya ga yadda teburin zai kasance ba shi. Ya sake ƙirgawa. Har yanzu sun haye da goma. Ya mayar da ita, ya kuma janyewa, sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Lafiya?" in ji Lucius.

"Masu manyan albashi za a sayar. Wannan ko an cire shi, ba a rage komai ba."

A gida ya tarar da Eusebio ya sauko da akwati, shi ma ya ji rediyon.

"Mai da shi sama, ɗana. Arharka ta yi yawa, korarka ba ta da riba."

Eusebio ya dube shi. "Baba, wannan zagi ne ko albishir?"

"Duka biyun. Cire rigar sanyin nan ka zauna."