Jirgin da Yaya Ya Ajiye a Rumfa

Yayana mahauci ne a Garwa, kamar mahaifinmu, kuma har ya koma ga Allah bai iya iyo ba. Duk da haka, a shekararsa ta ƙarshe ya sayi jirgin ruwa.

Asalin abin wata tafiya ce da ya taɓa yi sayen shanu a ƙetaren tafkin Lagdo. Injin jirgin da ya ɗauko su ya mutu a tsakiya, inda gaɓa ba ta ganuwa sosai. Kowa yana salati, shi kuwa ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin shiru irin wannan ba. Babu ƙuda, babu kukan shanu, babu mai cewa a ƙara masa tsoka. Da likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, ya hana shi nama da tsayuwar kwata, sai ya ce mini yana so ya koma wurin nan ko sau ɗaya, a jirgin kansa. Ga mutane kuwa cewa ya yi zai riƙa zuwa kamun kifi jifa-jifa, don dattijo ba ya cewa zai je ya zauna a kan ruwa haka kawai.

Muka je Lagdo wurin wani tsohon masunci mai haɗa jiragen katako. Mahauta da masunta abokan wasa ne, saboda haka rabin gaisuwarsu tsiya ce. Tsohon ya toshe hanci ya ce ƙuda sun rako baƙi. Yaya ya ce wanda ƙarni ya rene shi ba shi da bakin magana. Da suka gama, tsohon ya tambayi sau nawa zai riƙa shiga ruwa. Yaya ya ce wata ɗaya, wata biyu, yadda jiki ya bari.

Sai tsohon ya nuna mana wani baƙin jirgi mai faci da ke ɗaure a ruwa, ya ce ga mai zuwa jifa-jifa wannan ne daidai, ya daɗe yana shan igiyar ruwa a tsakiya bai kife ba. Yaya ya ce ko sadaka ba zai yanka irin wannan ba. Ya wuce wurin sababbi da ke kan yashi, ya fara duba su yadda ya san duba kaya. Ya buga haƙarƙari da tafin hannu, ya danna da babban yatsa, ya tsuguna ya leƙa ƙirji, ya zagaya ta baya. Saura kaɗan ya nemi haƙora. Ya zaɓi wani mai faɗi, mai tudun goshi. Tsohon bai ji daɗin yarda ba, amma ya yarda cewa mahauci ya yi zaɓe, jirgin zai iya tsakiya. Sharaɗinsa ɗaya ne, a bar shi a ruwa a nan Lagdo, shi zai riƙa dubawa.

Yaya ya ƙi. Ya ce bai taɓa bar wa wani kiwo dabba ta dawo da ƙiba ba, kuma kowa ya san ruwa ne ke ruɓar da katako. Ni ma na goyi bayansa. Ni tela ne, abin da na sani game da ruwa bai wuce alwala ba.

A motar shanu muka kawo jirgin Garwa. Yaya ya sa aka yi masa rumfar kwano a ƙofar gida, aka shafa masa koren fenti. Lokacin bazara ne, zafin nan da ke sa kwano ƙara. Matarsa ta samu wurin shanya kuɓewa, kaza ta samu wurin kwanci. Maƙwabta suka laƙaba masa Sarkin Ruwa, suna tambaya yaushe ɗufana za ta zo su kama wuri.

Kusan wata uku sannan ya ji ƙarfin tafiya. Da muka sauke jirgin a Lagdo, tsohon ya zura yatsa tsakanin katako biyu, yatsan ya fito ta ɗaya gefen. Ya bari Yaya ya shiga da farar babbar riga ya zauna a tsakiya, aka tura. Ba a yi taku goma ba jirgin ya zauna a ƙasa, ruwa ya kai wa Yaya ƙugu. Bai motsa ba, ya dai gyara hula. Matan da ke wanke-wanke a gaɓa suka ajiye kwanuka don su yi dariya da kyau.

Sai a lokacin tsohon ya yi mana bayani. Katako idan ya bushe tsukewa yake yi, ruwa ne ke kumbura shi ya haɗe bakinsa. Sai an danne jirgin da duwatsu ya yi kwana goma ko fiye a nutse, a toshe abin da ya rage da tsumma da kwalta. Ya ce baƙin jirgin yana nan, mu shiga yau. Yaya ya ce a'a. Tsohon ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura, ya daina wasa.

"Alhaji, mu je yau. Na roƙe ka."

"Baba, a nawa na ce. Zan jira."

Kwana shida bayan nan aka kwantar da shi a asibiti. A kan bencin ƙofar ɗakin na zauna ina tuna yadda na ɗaga kai na ce ruwa yana ruɓar da katako. Duk shigar da zan yi, kafin ya amsa sannu sai ya tambaya ko jirgin ya ƙoshi da ruwa. Ranar da tsohon ya buga waya ya ce jirgin ya taso, ba ya yoyo, Yaya ya nemi a ba shi takalmansa. Likita bai sake shi ba sai bayan sati biyu. Matarsa ta ce babu inda za shi. Ta faɗa sau uku, sannan ta ɗauko matashin kai da ledar magani ta sa a mota.

Da hantsi muka shiga ruwa, tsohon ya ɗaura injinsa. Duwatsun gaɓa suka yi ta ja da baya har suka zama kamar hayaƙi, sai ya kashe injin. Yaya ya jefa fatsa. Na lura bai sa komai a ƙugiyar ba, tsohon ma ya lura. Ni kuwa na kasa zama. Na tambaye shi ko yana jin jiri, na tambaye shi ko in gyara matashin, na tuna masa lokacin magani.

"Kai," in ji shi, "wancan karon babu tela a jirgin. Yi mini shiru."

Na yi shiru. Ruwa yana taɓa katako a hankali, babu wani abu kuma. Mun jima a haka. Sai da rana ta fara cizo ya ce bencin ya ishe shi, masunci bai san darajar mazaunin mutum ba, a tada inji.

Sati uku ya yi bayan nan, a gida. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin giwan ruwan da ta tsinke masa igiya a tsakiyar Lagdo. Kullum tana ƙara girma, har ta kai maraƙi. Idan ya gama sai ya juyo ya ce in ba da shaida. Na bayar.