Babban Yatsan Berel a Kan Ganuwar Urushalima

Zelig Rotman ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana yanka gilashi da madubi a wani ɗan shago a unguwar Caulfield ta birnin Melbourne. In ka tambaye shi abin da ya fi tsana a duniya, ba zai ce maka haraji ko ciwon gwiwa ba, cewa zai yi yatsa. Ya goge shatin yatsun rabin mutanen Melbourne daga kan gilashi, har ya kai ga yarda cewa ɗan Adam ba ya iya ganin abu mai kyau bai dangwala masa maiƙo ba.

Iyayensa, Yahudawa 'yan gudun hijira, sun sauko daga jirgin ruwa bayan yaƙin duniya da shi a goye, da akwati ɗaya wanda babu abin da ya girmi tafiyar a cikinsa. Ba hoton kaka, ba cokalin gado. Wataƙila shi ya sa ranar da ya fara ganin kwandalar azurfa ta tunawa da tarihi, wadda wani baƙo ya kawo daga Urushalima, ya tsaya a kanta kamar wanda ya ga ɗan'uwa a tasha. Irin waɗannan ba don kashewa ake buga su ba. Filinsu madubi ne, zanen kuma ya taso fari kamar raɓa ta kwana a kansa. Kowace tana zaune cikin ɗan kwanson roba garai-garai, don in yatsa ya taɓa ta sau ɗaya, maiƙon fata zai ci azurfar, kuma gogewa sai dai ta ƙara ɓarna.

A hankali ya cika akwatin katako mai shimfiɗar karan-miski da irinsu. Ga Haikali, ga dawowa daga Babila, ga jirgin 'yan gudun hijira, ga wadda ya fi so, mai ɗauke da ganuwar Urushalima, duwatsunta ɗaya bayan ɗaya har kana iya lissafa su. Duk ranar Lahadi bayan shayi yakan sa farar safar hannu, ya buɗe akwatin, ya riƙa numfashi ta gefen baki. Matarsa Fruma takan ce wa maƙwabta ita ma da a cikin kwanso aka kawo ta, da ta ga tattali.

Abokinsa tun na makaranta shi ne Berel Kagan, mai sayar da kifin gishiri da tsamin kokwamba a titin Carlisle. Berel ƙato ne, mai dariya da ciki, hannunsa kullum yana sheƙi. Bai taɓa matsawa kusa da akwatin ba sai Zelig ya ce ya sa hannu a aljihu. Shi kuwa yakan kira Zelig sarkin tsabta, ya ce ranar da zai mutu ma sai ya goge ƙofar kabari kafin ya shiga. Amma Berel ɗin nan kohen ne, wato firist na gado daga zuriyar Haruna, kuma a majami'a shi ake fara kira gaban littafi mai tsarki, da warin kifinsa da komai.

Sai Dina, 'yar Zelig tilo, ta haifi ɗa namiji, ɗan fari. A al'adarsu, ɗan fari in ya cika wata guda uban yakan fanshe shi daga hannun kohen da kwandalolin azurfa biyar. Yawanci akwai waɗanda ake jujjuyawa daga gida zuwa gida don wannan hidima, kuma Zelig ya riga ya fara tambayar inda za a samo su. Dina ce ta tare shi a kicin, jaririn a kafaɗa, idonta duk rashin barci.

"Baba, da naka nake so a fanshe shi," in ji ta. "Ba mu da kayan kakanni, kai ka sha faɗa. Waɗannan su ne namu."

Zelig ya tambayi wane kohen za a kira, ko da yake ya san amsa. Fruma ta juya baya tana wanke kofin da ta riga ta wanke, tana danne dariya.

Abin ya zo masa da ƙaya biyu. Ta farko, sai ya ba surukinsa Noam azurfar kyauta, Noam kuma ya miƙa wa kohen ta zama tasa halak malak. In ya ga dama ya mayar, in bai ga dama ba, shi ke nan. Ta biyu kuwa, hannun Berel.

Washegari ya tafi shagon kifi neman sulhu. Ya ce a bar su cikin kwansonsu, ai azurfa azurfa ce. Berel ya goge hannu a gaban riga, ya ce shi ba ya karɓar abin da bai ji sanyinsa ba.

"Ina na sani ko cakulan ne ka naɗe, irin na yara ranar biki?"

"Cakulan ya fi ƙarfin albashinka, mai kifi."

"To ka ga ma. Dama firjina ya tsufa. Nawa ka ce suna yi yanzu?"

Suka kai ƙara wurin malamin majami'a, shi kuwa ya saurare su, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce tun kafin a haife shi suke wannan faɗa, su je su ƙarasa abinsu. A ƙarshe aka tsaya a tsakiya: za a fitar da su daga kwanso, amma Berel da Noam za su sa safar hannu. Zelig ya zagaya shaguna kafin ya sami wadda za ta shiga hannun Berel. Zaɓen biyar ɗin ya fi wannan wuya. Ya fara ware waɗanda bai damu da su sosai ba, ya dube su, ya dubi hoton jaririn da ke jikin firji, kunya ta kama shi. Ya mayar, ya ɗauko mafi kyau, har da ganuwar.

Ranar fansa gidan ya cika. Aka kawo jaririn, Amitai, a kan faranti na azurfa, mata sun zagaye shi da sarƙoƙinsu, an jera ƙwayoyin sukari da tafarnuwa a gefe don baƙi su tafi da su. Berel ya zo da baƙar kwat da fararen hannaye kamar mai hidimar otal. Ya tsaya ya yi wa Noam tambayar da ake yi tun zamanin kakanni: wanne ka fi so, ɗanka ko azurfa biyar? Tambayar ta Noam ce, amma a kan Zelig Berel ya kafa ido, har ɗakin ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Noam ya ce ɗansa yake so, ya miƙa. Berel ya karɓa da ladabi, ya zagaya da su bisa kan yaron, hasken taga ya faɗo a kansu ya watsu a rufi kamar ruwa. Zelig ya sauke numfashi.

Saura albarka. Dina ta ɗauki yaron ta sa a hannun kakansa. Berel ya ajiye azurfar a kan tebur, ya dubi hannunsa, ya tuna bai taɓa sa wa yaro albarka ta cikin tsumma ba. Ya zare safar, ya ɗora manyan tafukansa a kan ɗan ƙaramin kan, ya roƙi Ubangiji ya tsare shi, ya haskaka masa fuska, ya ba shi salama. Da ya gama ya share ido da bayan hannu, kuma da wannan hannun, ba tare da ya tuna komai ba, ya tattara kwandalolin nan biyar ya zuba a aljihu. Suka yi ƙara kamar canjin mota.

Zelig ya gani. Fruma ta ga ya gani. Amma Amitai ya yi barci a ƙirjinsa, da ɗan bakinsa a buɗe, hannuwan Zelig duka biyu suna ƙarƙashinsa, babu na ɗagawa. Ya tsaya cik, yana jin ɗumin yaron yana ratsa rigarsa, har aka zuba ruwan inabi aka fara waƙa.

Sai da aka ci aka sha Berel ya sa hannu a aljihu neman hankici, fuskarsa ta canza. Ya fito da su a hankali, ya zo ya tsaya gaban abokinsa kamar yaron da ya fasa taga.

"Zelig, mantuwa ce."

"Na gani."

"Ba kai zan mayar wa ba dama. Na yaron ne, kyauta daga gare ni. Kai mai gadi ne kawai."

"To mai gadi na cewa ka matsa da hannunka, ka isa haka."

Huɗu sun tsira da 'yan ƙananan ƙarce. Ta biyar, mai ganuwa, ta fito da shatin babban yatsan Berel cikakke a sararin samaniyar birnin. Zelig ya ɗauko tsumma, ya riƙe, ya ajiye. Cikin 'yan shekaru shatin ya yi duhu, ya koma ruwan zuma, kowane layi ya fito sarai.

Yanzu Amitai ya yi wayo, shi ke riƙe murfin akwati ranar Lahadi, da safar da ta yi masa yawa. In baƙo ya zo, Zelig ba ya farawa da Haikali ko Babila. Waccan yake fara ɗagawa zuwa haske, ya ce wannan Urushalima ce, wannan kuma Berel ne, in ka matso da hanci za ka ji kifi. Berel, daga kujerarsa, hannu a aljihu bisa doka, yakan ce har yau ba a biya shi ladan zanen ba.